Kamfani Mai Iyakar Alhaki da Tsawon Ran Ƙaramar Sana'a



Duk wanda ya san kasuwar Sara a ƙasar Gwaram, ko rumfunan hatsi na Birnin Kudu, ya san irin attajirin da wannan lacca ta ƙunsa. Mutum ne da ya fara da kwanon awo, har ya kai ga sayen riɗi da gyaɗa mota-mota, yana da yara masu shiga ƙauyuka da kuɗinsa. Ran da ya kwanta dama, sai a raba gado: wannan ya ɗauki sikeli, wancan ya ɗauki mota, a sayar da sito a raba kuɗin. Kowane magaji ya sami haƙƙinsa, amma sana'ar da aka yi shekara talatin ana ginawa ta bi mai ita. Dalili kuwa shi ne, a idon doka, shi da sana'arsa abu ɗaya ne, aljihunsu ɗaya, bashinsu ɗaya, ajalinsu ɗaya.

Kamfani mai iyakar alhaki, watau wanda ake liƙa wa kalmar "Limited" a ƙarshen sunansa, dabara ce ta raba waɗannan biyu. Da zarar an yi masa rajista, doka tana ɗaukarsa tamkar wani mutum dabam: yana mallakar dukiya, yana cin bashi, yana kai ƙara, ana kuma kai shi. Masu shi hannun jari kurum suka mallaka. Idan ya karye, abin da suka zuba, da wanda suka yi alkawarin zubawa, shi ne iyakar hasararsu. Ba a bin su gida a sayar da gonar gado.

Shari'ar da ta kafa wannan ƙa'ida a kan wani mai ɗinkin takalma aka yi ta a Landan, mai suna Aron Salomon. A 1892 ya mai da sana'arsa kamfani, shi da matarsa da 'ya'yansa biyar. Da kamfanin ya durƙushe, aka nemi ya biya masu bin bashi daga aljihunsa. A ƙarshen 1896 kotun ƙoli ta Ingila ta yanke cewa kamfanin dabam, Salomon dabam. A kan wannan tushe dokokin Nijeriya suka ginu, tun daga ta 1912, zuwa ta 1922, da ta 1968, da ta 1990 wadda ta kafa Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC.

Dokar da ta fi shafar ƙaramin ɗan kasuwa ita ce wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ran 7 ga Agusta, 2020. A da sai mutum biyu ko fiye suke kafa kamfani. Yanzu mutum ɗaya ma yana iya kafa nasa. Mafi ƙarancin jarin da ake rubutawa naira 100,000 ne, kuma masu hannun jari ba sa wuce 50 a kamfanin da ba na jama'a ba. An kuma ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajabcin naɗa sakatare. Ana neman suna a ajiye shi, a shirya takardar manufofi da ta dokokin tafiyarwa, a bayyana daraktoci da rabon hannun jari, duk ta intanet. A nan tilas a lura: rajistar sunan kasuwanci kawai, wadda masu shaguna da yawa ke yi don buɗe asusun banki, ba ta raba mutum da bashin sana'arsa.

To, ina maganar gado? Kamfani ba ya hana magaji haƙƙinsa. Abin da ake rabawa shi ne hannun jarin mamaci: matar aure ta ɗauki tumuninta idan akwai 'ya'ya, namiji ya sami ninkin rabon mace, kamar yadda Shari'a ta tsara. Sito da sikeli da mota suna nan a hannun kamfani suna aiki, riba tana zuwa ga kowa gwargwadon rabonsa. Wanda yake son kuɗinsa ya sayar wa 'yan'uwansa nasa hannun. Bahaushe ya daɗe da sanin ba da jari a juya a raba riba. Abin da kamfani ya ƙara shi ne rubutu da ɗorewa. Alhassan Ɗantata ya rasu a Kano a 1955, amma kamfanin da ke ɗauke da sunansa da na 'ya'yansa ya ci gaba da ciniki a bayansa.

Sai dai kowace riga da nauyinta. Kamfani yana bukatar littafin shiga da fita, da asusun banki nasa na kansa, da rahoton shekara-shekara ga hukuma. Wanda ya yi sakaci da rahoton tara tana hawansa, har ana iya soke rajistarsa. Maigidan da ke ɗibar kuɗin kamfani ya yi cefane ko hidimar biki ba tare da rubutu ba, da hannunsa yake rushe katangar da doka ta gina masa. Haka nan idan ya tsaya wa kamfanin lamuni a banki da gidansa, gidan ya shiga cikin bashin. Wanda kuwa ya fake da kamfani ya damfari mutane, kotu tana da ikon ɗage labulen ta kama shi da kansa.

Ma'aikatan gwamnati su riƙe cewa Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci tafiyar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Ɗalibai kuma, musamman 'ya'yan 'yan kasuwa, su ne za su iya zama da iyayensu su riƙe musu littafi. Mai tebur ɗaya a bakin tasha ba ya bukatar kamfani tukuna. Amma wanda ya kai ga ɗaukar kaya bashi, da riƙe ma'aikata, da tara magada, ya kamata ya yi shawara tun yana da ƙarfinsa. Tun ran gini, tun ran zane.