Kunne Kafin Baki: Jawabi Kan Horar da Masu Kula da Marayu



An nemi mu yi tsokaci kan masu horar da 'yan sa-kai da ke zagaya marayun garinmu. Mu da muka fito daga kwalejin horon malamai, magana aka fi koya mana. Saurare sai a aji muka tsince shi. A farkon shekarun 1970 wata malama a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano cewa malami kan jira kamar daƙiƙa ɗaya bayan ya yi tambaya. Idan ya kai uku, amsar yara kan yi tsawo, har masu nauyin baki su tanka. Daƙiƙa uku kacal!

Yaronmu da kunya aka rene shi. Tambayi marainiya yadda take a gidan riƙo, za ta ce "lafiya lau", idonta a ƙasa. Haka ɗan sa-kai zai dawo ya ce wa mai horar da shi "ba matsala". In mai horarwa ya yi wuf ya hau nasiha, an binne zancen talla da yunwa da duka ke nan. Gara ya yi shiru, ya maimaita abin da ya ji, sannan ya ce, "Sai kuma me?" Yadda aka saurare shi, haka zai je ya saurari yarinyar.

Sashe na 12 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ya ba yaro haƙƙin a ji ta bakinsa. Ku masu aiko da kuɗin makaranta daga Legas da Kaduna, in kun zo Sallah, ku zauna da yaran nan a soro kafin ku nemi rasit.