Kalmar "Park" Da Ma'anoninta

A jawabinsa ga ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a Birnin Gwari, malamin ya ce kalmar Turanci "park" ba ma'ana ɗaya gare ta ba. In direba ya ce ya faka mota, ajiye ta ya yi. "Motor park" kuwa tasha ce.

Sai ya ja kunne kan ta uku. Dajin Kamuku, wanda En'e ta keɓe tun 1936, ya zama "National Park" a 1999. Ma'anarta a nan gandun gwamnatin tarayya, inda doka ta hana farauta da kiwo da saran itace. Manomi ko makiyayi da aka kama a ciki, sai kotu, tara ko ɗauri.