Gidan 'Yan Mazan Jiya a Bauci: Wa Zai Ɗauki Nauyin Tukunya?



Duk wanda ya san Bauci ya san garin soja ne: ga barikin Shadawanka, ga makarantar mayaƙan tankoki. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 rundunar Nijeriya ta kumbura daga wajen mutum 10,000 zuwa kusan 250,000, samarinmu kuwa ba su noƙe ba. Wanda ya ɗauki bindiga a lokacin yana ɗan shekara ashirin, yau ya haura saba'in. Da yawansu mun san su a nan kudu, sun yi ta gadi a ƙofar masu hali har ƙarfi ya ƙare, suka koma gida ba ko sisi.

Na sani a wurinmu abin kunya ne a kai tsoho gidan hukuma alhali 'ya'yansa na raye. Na yarda. Amma wanda bai haifa ba fa, ko wanda yaƙi ya raba da ƙafa ko hankali? Saboda irinsu nake roƙon a kafa gida a Bauci. Sai dai ginin ba shi ne abin tsoro ba. Tuwo da magani da albashin masu jiyya, su ne ke kashe irin wannan gida.

A birnin Landan akwai gidan tsofaffin sojoji na Chelsea, wanda Sarki Charles na Biyu ya kafa a 1682, aka buɗe a 1692, har yau yana ɗauke da wajen mutum 300. Mai shiga yakan sallama fanshonsa na soja, a ba shi ɗaki da abinci da tufafi da magani. Gwamnati na ba da kasonta kowace shekara, kuma tun 1913 ake bikin baje kolin furanni a filin gidan, kuɗi na shigowa. A Amurka kuwa ana cire senti 50 kowane wata daga albashin ƙananan sojoji, a haɗa da tarar da ake cin soja mai laifi, a zuba a asusun gidajensu.

Mu fa? Muna da Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya tun 1964, muna da ranar 15 ga Janairu, a sayar da tambarin tunawa, manya su yi alkawari. Madalla. To, wannan sau ɗaya ne a shekara, ciki kuwa bai san Janairu ba.

Shawarata ita ce, kafin a aza tubali ko ɗaya, a mallaka wa gidan rumfuna a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, da gona, a matsayin wakafi, a kuma sa kason gwamnati cikin doka. 'Yan mazan jiyan su zauna cikin kwamiti, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a. Abu guda ne ban yarda mu kwaikwayi Turawa a kai ba: kada a karɓe fansho duka. Tsohonmu sai da na goro, da ɗan abin miƙa wa yaran da suka zo gaishe shi.

Mu kuma da ke ci-rani, kowace ƙungiya a Agege da Sabo ta ware wani abu daga taron wata-wata, a rubuta sunan mai bayarwa, a ba shi rasiɗi.