Jawabi Ga Direbobinmu Mazauna Kurmi



'Yan'uwana direbobi na Ikko, Badun da Shagamu, kun san ruwan Kurmi ba irin na gida ba ne. A watannin Yuni da Yuli, in ya kece kamar da bakin ƙwarya, da ƙyar mutum ke hangen gabansa. A nan ne da yawanmu ke kunna sigina huɗu gaba ɗaya, mota kuwa tana gudu, wai don a gan su.

Wannan kuskure ne. Sigina huɗun nan an yi su ne domin motar da ta tsaya ko ta lalace. Wanda ke bayanka yaya zai gane tafiya kake yi ko kana tsaye? In kuma ka tashi ratsewa hagu ko dama, da me za ka gaya masa, alhali fitilun da za su nuna duk suna ta ƙyaftawa?

Kunna fitilun gaba, jajayen baya su kama tare da su, amma ƙaramar wuta, domin babbar ruwa ke maido maka da ita cikin ido. Rage gudu, ka ba na gabanka tazara. In hanya ta ɓace maka sarai, sauka daga kan kwalta ka tsaya, sa'an nan ka kunna huɗun.