Araha Ba Ta Ado: Kafin Ka Sayi Amfilifaya Mai Kwalba Don Jitarka

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, don waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba.

Yau hirar tamu ta masu kaɗa jitar lantarki ce, da masu niyyar farawa. In kai ba ka kiɗa, kar ka wuce, don darasin da ke ciki ya shafi duk wanda zai sayi kayan wuta da guminsa.

Bari in fara da abin da ya jawo maganar. Akwai wani abokina da muka yi bautar ƙasa tare. Wata bakwai yana matse alawus ɗinsa, wani lokacin garin kwaki ne abincin darensa, duk don ya mallaki amfilifaya mai kwalba. Ya samu na hannu, wani ya taho masa da shi daga Amurka. Ranar da kayan ya iso ina ɗakin. Bai tsaya duba komai ba, ya nemo adafta, ya soka a bango, ya kunna. Wallahi ko waya ɗaya bai taɓa ba muka ji ƙauri. Da muka juya bayan akwatin, ga shi nan a rubuce: bolt 120. Wutar gidanmu kuwa 230 ce. Fiyus ɗin da ya kamata ya cece shi, ashe tun can wani ya sa wanda ya fi ƙarfin wurin. Taransifoma ta ƙone. Kuɗin wata bakwai ya tafi a daƙiƙa biyar.

Tun ranar na ce sai na yi wannan shirin.

To, mene ne ma amfilifaya mai kwalba?

Jitar lantarki ita kaɗai kusan ba ta da murya. Sai an jona ta da amfilifaya, shi ne zai ƙara wa ɗan siginar ƙarfi ya tura wa sifika. Kafin 1947, lokacin da aka ƙirƙiro taranzista a Amurka, wasu 'yan kwalabe ne masu kama da ƙwan fitila suke wannan aikin. An zuƙe iskar cikinsu, kuma sai sun yi zafi suke aiki. Ku tambayi kakanninku labarin rediyon da ake kunnawa a jira ta ɗumama kafin ta yi magana, to su ne a cikinta. In za ka nema a intanet, Amurkawa tube amp suke cewa, mutanen Ingila kuma valve amp.

Duniya ta koma taranzista, amma masu jita da yawa sun ƙi sakin kwalba. Dalili shi ne yadda take yi in an matsa mata. Ka san muryar mawaƙin da ya daɗe yana waƙa, ta ɗan dishe amma ta ƙara daɗi? Haka kwalba take. Ka taɓa waya a hankali, sauti ya fito tas. Ka ɗan danna da ƙarfi, sai ya yi kauri, ya yi gurnani, ba tare da ka murɗa komai ba. Hannunka ne yake tuƙa sautin. Da irin wannan ne Leo Fender ya yi suna tun daga 1946, haka Jim Marshall a Landan daga 1962.

Mu ma nan ba baƙi ba ne a harkar jita. Bombino na Agadas ya kai kiɗan gidan biki har gaban masu kyautar Grammy, inda aka sa kundinsa Deran cikin 'yan takara. Mdou Moctar kuwa jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abu na farko: wat. Nan ne yawancinmu muke faɗawa.

Matashi zai ce shi mai wat 50 ko 100 yake so, don a ji shi. Ɗan'uwa, tsaya. Kunne ba ya lissafi irin na kasuwa. In ka ninka wat sau biyu, ɗan ƙari kaɗan za ka ji. Kafin kunnenka ya ce ƙara ta ninka, sai ka ninka wat kusan sau goma. Ma'ana, in sifika iri ɗaya ce, mai wat 50 ninki biyu kawai ya yi wa mai wat 5.

Ga kuma inda gizo ke saƙa: wannan gurnanin da ka biya kuɗi dominsa ba ya fitowa sosai sai an ɗaga ƙara. Mai wat 50 a ɗakin haya ba za ka taɓa wuce lamba biyu ba kafin mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ka sayi doki, ka ɗaure shi a zaure.

Don haka ga yadda nake rabawa. In a ɗaki kake koyo ko kake ɗaukar sauti, wat 1 zuwa 5 ya ishe ka, har ya yi yawa. In kuna da mai ganga a ƙungiyarku, nemi wat 15. In filin biki ne ko babban zaure, ba sai ka ƙara wat ba, a sa makirfo a gaban sifikarka a tura wa manyan sifikun taro. Kar ka raina ƙarami. Fender Champ wat 5 ne kacal, kuma da shi aka san Eric Clapton ya yi aikin kundin Layla a 1970.

Abu na biyu: waɗanne ne masu sauƙin kuɗi?

A ƙananan akwai Bugera V5. Wat 5 ne, kwalba biyu, kuma yana da maɓallin da zai sauke shi zuwa wat 1, har zuwa kashi ɗaya cikin goma na wat. Wannan maɓallin alheri ne ga mai zama gidan haya, don za ka samu gurnanin ba tare da ka tashi jaririn maƙwabta ba. Akwai Blackstar HT-1 da HT-5, masu wurin soka abin saurare na kunne. Akwai Vox AC4, da Marshall DSL1 da DSL5 ga masu son sauti mai zafi. Epiphone Valve Junior ma, in ka ci karo da na hannu, ka duba shi da kyau: maɓallin ƙara ɗaya ne da shi, ba shi da tarkacen da zai lalace.

A masu wat 15, sanannu su ne Fender Blues Junior, wanda ya fito a 1995, da Vox AC15, wanda asalinsa tun 1958. Sun fi tsada, amma da yake sun yi yawa a duniya, ana samun na hannu, kuma kayan gyaransu ba sa wuya.

Sai ku yi hattara da masu ruwa biyu. Akwai amfilifayar da aka sa mata kwalba guda ɗaya a gaba, amma taranzista ce take tura sifika. Orange Micro Terror misali ne, kuma kamfanin bai ɓoye ba. Kaya ne mai kyau a kuɗinsa. Matsalar ita ce ɗan kasuwar da zai ce maka cikakken mai kwalba ne, ya caje ka kuɗin cikakke. Leƙa baya. Na gaske za ka ga ƙaramar kwalba, galibi an rubuta 12AX7 ko ECC83, sannan ga babba, irin su EL84 ko 6V6, ga kuma taransifoma biyu masu nauyi. In ka ɗaga akwati ka ji shi sakayau kamar kwalin indomi, ka yi tambaya.

Abu na uku, wanda masu bidiyo na ƙasashen waje ba za su gaya maka ba, don ba matsalarsu ba ce: wutarmu.

Najeriya da Gana bolt 230 ne, Nijar 220. Amurka 120, Jafan 100. Kayan Ingila da Turai sun dace da mu, na Amurka da Jafan sai da taransifomar sauke wuta. Kafin ka tura ko sisi, ka ce a ɗauko maka hoton bayan akwatin, ka karanta da idonka. Minti ɗaya ne, da shi abokina zai tsira.

Bayan haka, wutar ba ta tsayawa wuri ɗaya. In ta yi ƙasa, sauti zai yi laushi kamar mai jin yunwa. In ta yi sama, tana cin rayuwar kwalaben. Don haka sitabilaiza ba ado ba ce, cikin kuɗin amfilifaya take. In da janareta kake aiki, ka bari ya tashi ya daidaita kafin ka kunna, kuma ka kashe amfilifaya kafin a kashe shi. In an ɗauke wuta, ka zare filogi. Kowa ya san yadda take dawowa wani lokacin.

Sai maganar da ta fi kuɗi, wato rai. Wayoyin jitarka a haɗe suke da jikin amfilifaya. In soket ba shi da wayar ƙasa, ko an karya ƙafar filogi ta uku don ya shiga, ranar da wani abu ya lalace a ciki, ta jikinka wuta za ta bi. Ba tatsuniya ba ce. Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds ta Ingila, wutar lantarki ce ta kashe shi a gidansa a 1976 yana kaɗa jita. Kar ka yi kiɗa ba takalmi a kan siminti mai danshi. Kuma kar ka kwance akwatin ka sa hannu ciki, don akwai ɗaruruwan bolt da ke zama a kafasito ko bayan an zare filogi. Wannan aikin mai gyara ne, wanda ya san kan abin.

Doka ɗaya kuma da ba a karyawa: ba a kunna mai kwalba ba tare da sifika a jone ba. Yana iya ƙona taransifomar sauti. In kai da sifika daban-daban ka saya, ka daidaita lambar om, 8 da 8, 16 da 16.

Abu na huɗu: kwalba tana mutuwa, kamar ƙwan fitila. Masana'antun da suka rage suna yin ta ba su da yawa, mafi shahara suna Rasha da Sulobakiya da Sin. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, sai da ta yi wuya a kasuwannin duniya, farashi ya tashi. Nan ma ƙarami ya fi. Mai wat 5 galibi kwalba biyu ko uku zai nema, ka zare ka soka, shi ke nan. Babba zai iya neman shida ko bakwai, wasu sai an saye su biyu-biyu masu ƙarfi ɗaya, wani kuma sai mai gyara ya saita shi. Ka sayi na ajiya tun ranar farko. Ga zafi ga ƙurar hunturu, don haka kar ka manna bayansa da bango, kuma in ya huce ka rufe shi da zane. In za a ɗora shi a babur, a bari ya huce tukuna, a naɗe shi da bargo.

In na hannu za ka saya, a Alaba ne ko Sabon Gari ko wajen wani makaɗi, ka tafi da jitarka da wayarka. Gani ya kori ji. Ka kunna, ka bar shi ya yi minti ashirin, don wasu cututtukan sai ya yi zafi suke fitowa. Ka murɗa kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarar-ƙarar. Ka leƙa kwalaben: ɗan jan haske a tsakiya daidai ne, amma in farantin ciki ya yi ja kamar garwashi, kashe nan take. In saman kwalba ya yi fari kamar alli maimakon ruwan azurfa, iska ta shiga, ta mutu. Ka ce a zaro fiyus ka gani, kar a ce waya aka naɗa a wurin. Mai kayan da ya ce sauri yake, ba zai jira minti ashirin ba, bar masa kayansa.

Yanzu lissafi. Ka ɗauki takarda ka rubuta: kuɗin amfilifaya, kuɗin kawowa da na kwastan in daga waje ne, sitabilaiza, kwalaben ajiya, da waya mai kyau. Jimillar ita ce farashin gaskiya, ba wanda ka gani a talla ba.

In ka haɗa ka ga ya fi ƙarfinka, to ga maganar da wasu ba za su so ba: ka haƙura da kwalba tukuna. Ba abin kunya ba ne. Boss Katana da ire-irensa ba kwalba a ciki, ba nauyi, ba laulayi, kuma suna kwaikwayon sautin har mai sauraro a gidan biki ba zai bambance ba. Roland JC-120, wanda manyan makaɗa ke amfani da shi tun 1975, taranzista ne zalla. Kar ka ci bashi don wani a YouTube ya ce in ba kwalba ba kiɗa. Ka tuna Mdou Moctar da wayar birkin keke. Hannu ne farko, akwati daga baya.

Abokin nawa fa? Sai da ya shekara kafin ya samu wanda ya naɗa masa sabuwar taransifoma. Yanzu yana kiɗa, kuma duk wanda ya zo ɗakinsa da sabon kayan wuta, ko dutsen guga ne, sai ya juya bayansa ya karanta kafin a soka.

Wanda ke da amfilifaya a cikinku, ya gaya mana wane iri ne, da yadda yake fama da wutar unguwarsu. Wanda kuma ya san mai gyaran da ya iya aikin kwalba a garinsu, ya faɗi garin, don 'yan uwa su amfana. Ku tura wa abokin da kuka san yana tara kuɗi yanzu haka.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.