Amsar Wasiƙunku: Ɗanyen Kifi A Kan Shinkafa

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Yawuri, wanda za a tura kwas ƙasar Japan. Ya ce ya ji wai a can har a ƙananan gidajen abinci ana zuba wa mutum ɗanyen kifi a kan shinkafa, shin gaskiya ne? In kuwa an kai shi, ya ci ko ya ƙi?

To Malam, gaskiya ne. Sunan abincin kaisendon. Shinkafa ce ake zubawa a kwano mai zurfi, a jera mata yankan kifin teku irin su tuna da salmon, da jatan lande da ƙwan kifi. In tuna ce zalla, sai a kira shi tekkadon. Akan haɗo da baƙin romon waken soya da wani koren yaji mai hawa hanci, wai shi wasabi. An fi samunsa a shagunan bakin kasuwar kifi, kamar na Hakodate a tsibirin Hokkaido, ko Toyosu a Tokyo, inda babbar kasuwar Tsukiji ta koma a 2018.

Sai dai fa akwai abin lura. Wasu kifayen teku na ɗauke da wata farar tsutsa mai kama da zare, anisakis, tsawonta santimita 2 zuwa 3. In aka haɗiye ta da rai, cikin 'yan sa'o'i sai ciki ya murɗa da tsanani, har sai likita ya zura na'ura ya ciro ta. Gishiri ko ruwan tsami ko wasabi ba sa kashe ta. Abin da ke kashe ta shi ne dahuwa, ko a daskarar da kifin a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri na aƙalla sa'o'i 24. Shi ya sa masu sana'ar ke cire hanjin kifi da wuri, su kuma duba kowane yanka da ido.

Saboda haka, Malam, in lafiyarka ƙalau, kana iya ci a shago mai tsabta da ciniki. Mace mai ciki da mara lafiya kuwa, gara su nemi dafaffe. Ka kuma tambaya ko an sa mirin a romon, don wata giyar shinkafa ce mai zaƙi da suke girki da ita.

Amma don Allah in ka dawo Yawuri, kada ka ce za ka gwada da tarwada ko karfasa. Kifin kogi na da nasa tsutsotsin, su Japanawan ma kifin teku suke zaɓa don wannan abinci. Namu sai a tukunya ko a banda.

Allah Ya kai ka lafiya. Sai mun ji daga gare ku.