Kafso biyu na dala ashirin

Na gode da kuka baro fada da shayinku kuka zo. Zan fara da tambaya, kuma dan Allah kada kowa ya ji kunya. Wane ne a nan bai taɓa tsayar da mai tallan magani ya ce a ba shi kafso biyu, mai ja da baƙi ko mai ja da ɗorawa ba? Ni dai na taɓa, ba sau ɗaya ba.

Bara ɗiyar yayata, yarinya ƴar shekara huɗu, ta kamu da zazzaɓi da zafin fitsari. Uwarta ta yi abin da dukanmu muke yi: ta sayi amoksisilin, ta ba ta kwana biyu, jiki ya yi sanyi, ta ajiye sauran don wata rana. Bayan sati biyu ciwon ya dawo, aka maimaita. Karo na ukku yarinya ba ta ko iya zama. A likita aka yi analiz, lokotoro ya dubi takarda ya ce mata: "Hajiya, wannan maganin ba ya jin ƙwayar cutar da ke jikinta." Sai da aka kwantar da ita kwana tara ana allura ta jijiya. Allah ya tashi kafaɗunta, amma sai da aka saida tunkiya da keken ɗinki. Abin da aka so a rufe da dala ashirin ya ci jika sama da ɗari.

Bari in faɗi yadda abin yake. Antibiyotik magani ne na kashe bakteriya, su ne ke kawo tifoyid, kwalara, sanƙarau irin wanda muke fama da shi lokacin zafi, tarin fuka, ciwon sanyi, da yawancin ciwon fitsari. Ba ya taɓa birus ko kaɗan. Mura da majina da mafi yawan tarin lokacin hunturu birus ne, su kan wuce da kansu. Masassarar cizon sauro kuma maganinta daban. To wanda ya sha kafso don mura, muran na nan, amma ya taɓa biliyoyin bakteriyar da ke zaune cikin hanjinsa. Masu rauni su mutu, masu taurin kai su rage, su samu fili su hayayyafa. Akwai waɗanda cikin minti 20 ɗaya ke zama biyu. Kuma suna miƙa wa juna wannan taurin kai, ko da ba iri ɗaya ba ne.

Ku lura da kyau, ƙwayar cutar ce ke saba wa magani, kuma ba ta zama jikin mutum ɗaya. Tana bin hannu, da ruwan sha, da kwanon da muke ci tare. Jaririn da bai taɓa shan ko kafso ɗaya ba yana iya ɗaukar wadda ba ta jin magani. Shi ya sa nake cewa antibiyotik kamar rijiyar unguwa yake, wanda ya ɓata ta ya ɓata wa kowa.

Wannan magana ba sabuwa ba ce. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a Landan a 1928, tun 1945 da ya karɓi kyautar Nobel ya yi kashedi cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai sa ƙwayoyin su saba. Yau ga mu. Babban binciken da mujallar Lancet ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ba ta jin magani. In aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina. Mu ke nan. A nan Maraɗi ma an bincika wasu yara 55 da aka kwantar saboda tamowa, aka fitar da sakamakon a 2011: kusan ɗaya cikin ukku sun shigo da irin waɗannan ƙwayoyi a hanjinsu tun daga gida.

Kada wani ya fita nan ya ce na ce antibiyotik mugun abu ne. A 2015 da sanƙarau ya afka wa Yamai, allurar seftiriyakzon ce ta ceci dubban mutane. A jihar Dosso, rarraba azitromisin ga ƙananan yara sau biyu a shekara ya rage mutuwarsu da kusan kashi 18 cikin 100, ko da yake can ma masu binciken sun ga ƙwayoyin sun fara saba masa. Matar da aka yi wa aiki wurin haihuwa, ɗan kabu-kabun da ya karye ƙashi ya fito, duk da wannan magani suke tashi. Ran da ya daina aiki, ƙaramin miki zai koma kashe mutum kamar zamanin kakanninmu.

Yanzu wani zai ce mini: "Kai ɗan boko, mai talla yana ba ni na dala ashirin, farmasi kuwa sai kwali gaba ɗaya, ga kuɗin ganin likita, ga layi." Gaskiyarka. Ban zo nan in zagi yayata ba, ban zo in zagi mai kwali bisa kai ba, shi ma abinci yake nema. Talauci ne ke yanka magani gida biyu. Amma araha ba ta ado. Maganin da ya yini cikin ranar Afrilu bisa kan mutum yana iya rage ƙarfi, in ma na gaske ne. OMS ta ce a ƙasashe irin namu, ɗaya cikin goma na magunguna jabu ne ko marar inganci. Kana biya, ba ka warke ba, kuma ka horar da ƙwayar.

Don haka akwai namu, akwai na hukuma. Namu: kada mu sha antibiyotik sai ma'aikacin lafiya ya rubuta. In ya rubuta, mu sha daidai awa da kwanakin da ya faɗa, ko mun ji sauƙi. Kada mu raba wa aboki ragowar namu. In ya ce murarka ba ta bukatar kafso, kada ka fita kana cewa bai iya aiki ba. Samari, maganar ciwon sanyi da ake ɓoyewa ana haɗiyar kafso cikin dare, ku je a duba ku, ku da wadda kuke tare. Masu kiwo kuma, fasa kafso cikin ruwan kaji da tsira wa ragon layya allura don ya yi ƙiba, duk cikin tukunyarmu yake ƙarewa. Sai wanke hannu da sabulu da kai yara rigakafi, don ciwon da bai kama ka ba ba ya bukatar magani.

Na hukuma kuwa, mu ne za mu tambaya. Tun 2006 doka ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne. To in uwa ta je aka ce magani ya ƙare, aka miƙa mata ordonansi, ina za ta nufa in ba wurin mai talla ba? Muna son magani mai inganci ya kasance a kowane CSI, muna son wurin analiz da zai faɗi wane magani ke jin wace ƙwaya ba sai an je babban birni ba, muna son a sa ido kan abin da ke shigowa kasuwa.

Kowace shekara daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba duniya na ware mako don wannan batu. Mu ba sai mun jira ba. Yau da kun koma gida, ku buɗe ledar maganin nan da ke rataye a ɗakin inna, ku ga abin da ke ciki, ku zauna ku yi mata bayani cikin ladabi. Gobe ku kai maganar fada.

Allah ya ba mu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.